Daga Faifan Talla Zuwa Bidiyon Waya: Tarihin 'Yan Aike a Kasuwancin Magariya da Dungas

Duk mai babbar waya a Magariya ko Dungas ya san yadda gari ke wayewa yanzu. Da ka buɗe WhatsApp sai ka tarar da gajerun bidiyo sun yi layi: wannan atamfa, wannan turaren wuta, wannan man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, in Layya ta gabato kuma ga raguna ana juya su gaban kyamara. Muryar da ke faɗin farashi galibi ta uwar gida ce ko ta mai shago. Amma hannun da ya riƙe wayar, ya yanke bidiyon, ya rubuta farashi a kai, ya kwana yana amsa masu tambaya, sau da yawa na ɗalibi ne. Washegari malaminsa ne ke ganin sa yana gyangyaɗi a aji.

A ƙasashen Turai da Amurka wannan aiki yana da suna da farashi. Mai sana'a a intanet yakan ɗauki mataimaki na nesa, wanda wataƙila ba za su taɓa haɗuwa ba, ya riƙa tace masa bidiyo da amsa saƙonni daga Filifin ko Indiya ko Kenya. Wani littafi da Ba'amurke Tim Ferriss ya fitar a 2007 ya yayata dabarar, sannan dandamali irin su Fiverr (2010) da Upwork (2015) suka mai da ita kasuwa. Mu a nan sabon abu shi ne na'urar. Tsarin mai kaya ya zauna, wani ya kai masa kayan gaban mai saye, ya girmi kakanninmu.

A ƙarni na 19, lokacin da Damagaram ta bunƙasa a ƙarƙashin Sarki Tanimun, ayarin fatake na zirga-zirga tsakaninta da Kano. Attajiri ba ya bin kowane ayari da kansa. Yana da yaransa, waɗanda yake danƙa wa kaya su yi tafiyar makonni. A garin da suka sauka akwai fatoma mai masauki, akwai dillali da ya san masu saye, yana cin la'adarsa. Babu takardar yarjejeniya. Abin da ke riƙe da tsarin shi ne amana, da kuma sanin cewa yaron da ya yi shekaru bai ci amana ba, ubangidansa zai sallame shi da jari, wani lokaci har da aure. Ke nan hidimar tana da ƙarshe, kuma ƙarshen nata shi ne yaro ya tsaya da ƙafarsa.

Turawa suka zo suka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, Magariya ta faɗa hannun Faransa, Daura da Kazaure da Gumel suka faɗa hannun Ingila. Iyakar ba ta kashe tsarin ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe, kamfanonin Turawa suka gane ba za su iya shiga ƙauye-ƙauye da kansu ba. Sai suka riƙa ba attajirai kuɗi, attajirai su rarraba wa yaransu, yaran su bi kasuwanni da ma'auni. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro, ta wannan hanya ya shahara. A ɓangaren Nijar, yankin Magariya da Matamaye ya zama cibiyar gyaɗa, har gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta, kuma gyaɗa ce kan gaba a abin da ƙasar ke fitarwa kafin yuraniyom. Farin farkon shekarun 1970 da kuturtar gyaɗa ta 1975 ne suka karya wannan zamani.

Sai dai akwai wata kasuwa da ba ta shiga littafin kowane kamfani ba, ita ce ta cikin gida. Matar aure da ke kulle tana soya ƙuli-ƙuli, tana matse mai, tana dama fura, tana ajiye hatsi ta sayar da bazara, ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Ƙafarta da bakinta a waje su ne yara. Baturiya Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta rubuta a kan wannan ciniki na ɓoye, ta nuna girmansa a tattalin arzikin ƙauye. Bayanta, a shekarun 1970, Enid Schildkrout ta yi bincike a cikin birnin Kano daidai lokacin da Najeriya ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a 1976. Abin da ta gano kowane malami a yankinmu ya san shi: in aka ɗauke yarinya daga talla aka kai ta makaranta, an taɓa jarin uwarta, an kuma taɓa kuɗin kayan ɗakin da ake tara mata. Shi ya sa uwar da ta hana 'yarta zuwa lakwal sau da yawa lissafi ta yi, ko da lissafin ya cutar da yarinyar daga baya.

Bidiyo kuwa ta wata ƙofa ya shigo mana. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin farkon finafinan Hausa na kaset da aka sa a kasuwa. Kafin shekara goma ta cika, sana'ar ta samu sunan Kannywood, kuma ta rarrabu: mai ɗaukar hoto daban, mai tacewa daban, mai rera waƙa a situdiyo daban da mai rawar da ake gani, ga 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da ke rarraba kaset. Ta Babban Mutum da Maigatari da sauran hanyoyin kan iyaka kaset ya riƙa shigowa, daga baya faifan CD, daga baya kuma aka koma wajen masu turi, matasan da ke zaune da kwamfuta a bakin kasuwa suna zuba fim da wa'azi a katin waya. A waɗannan rumfuna yara da yawa suka fara koyon yanka hoto da ɗora sauti.

Wayar salula ta fara aiki a Nijar a 2001. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar daga 2001 zuwa 2006, ta gano zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin ɗan kasuwa ya daina tura yaro ya jiyo farashi. Da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, wanda bai iya rubutu ba ya samu baki. Da ya kawo sitatus a 2017, faifan talla ya samu kishiya. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun ƙara tura mutane ga ganin kaya a waya kafin a san yadda za a tsallako da su.

To, me wannan tarihi ke gaya wa iyaye da malamai? Da farko akwai alheri. Yarinyar da a da take yini a tasha da faifai a ka, cikin rana da maganganun banza na wasu maza, yanzu tana iya tallata kayan uwarta cikin rabin awa bayan an tashi makaranta. Gwamnatin Nijar ta sa hannu a ƙudurin Disambar 2017 na riƙe 'ya mace a makaranta har shekara 16, kuma ƙuduri irin wannan ba ya tasiri sai an samar wa uwa abin da zai maye gurbin talla. Waya na iya zama wannan abin.

Amma hatsarin tasha ya biyo yaran har ɗaki. Lambar da aka rubuta a kan bidiyo kowa na iya kiranta, tsakar dare ma. Fuskar yarinya da aka sa don kaya su yi kyau, in ta fita ba ta dawowa. Talla tana ƙarewa da magariba, saƙon waya ba shi da magariba. Kuɗin ciniki kuma yana ratsawa ta hannun yaron da bai kai ya riƙe irin wannan amana ba.

Fatake sun bar mana ƙa'idoji uku da suka isa. Na ɗaya, aiki na da lokaci: a yanka wa yaro awarsa, wayar ta kwana a hannun uwa ko uba, lambar da ke kan bidiyo ta babba ce, kuma a nuna kaya, a bar fuska. Na biyu, ɗan aike na da lada: a fayyace masa rabonsa, a ajiye masa don littafi da kayan makaranta. Na uku, hidima tana ƙarewa da jari, kuma jarin wannan zamani shi ne karatu. Mataimakin da ake biya daga wata ƙasa ana biyansa ne don ya iya rubuta saƙo mai tsabta, ya riƙe lissafi, ya cika alkawari. Malami na iya jawo wannan cikin aji: a rubuta tallar buhun gero da Hausa da Faransanci, a juya farashinsa daga naira zuwa sefa, a fitar da riba. Wani shirin yaƙi da jahilci da aka gwada a ƙauyukan Doso da Damagaram a 2009 da 2010 ya nuna manyan da aka haɗa wa karatu da koyon waya sun fi sauran ci gaba a rubutu da lissafi.

Attajirin da ya riƙe yaro shekara ashirin bai sallame shi da komai ba, gari ba ya ganin girmansa. Haka za a auna mu in 'ya'yanmu suka gama tallata mana kaya a waya, suka fito ba su iya rubuta sunan kayan ba.