Lantarkin Sararin Sama da Injin Tsayayyen Caji: Tsakanin Yiwuwa da Amfani

Ko a ranar da gari ya yi garau, babu hadari babu walƙiya, iska tana ɗauke da lantarki. Masani ɗan Faransa Louis-Guillaume Le Monnier ya lura da haka a 1752. Awon da aka yi ta yi tun daga lokacin ya nuna cewa a buɗaɗɗen fili, kusa da ƙasa, kowace mita ɗaya da aka yi sama tana ƙara kimanin bolt 100, kuma tsakanin doron ƙasa da sashen sama da ake kira ayonosfiya akwai bambancin kusan bolt 250,000. Wannan adadi ya daɗe yana ɗaukar hankalin masu ƙirƙira. Abin da maƙalar nan take son kafawa shi ne cewa lantarkin sama yana iya juya inji, amma ba zai taɓa zama madogarar wutar gari ba, kuma laifin ba na na'ura ba ne, tushen ne ba shi da yalwa.

Injin da ke juya fanka ko famfo yana aiki da maganaɗisu, don haka yana buƙatar lantarki mai gudana da yawa. Injin tsayayyen caji kuwa ya dogara da ƙa'idar cewa caji iri ɗaya suna ture juna, mabambanta suna jan juna. Andrew Gordon, malamin coci ɗan Sikotlan da ke koyarwa a Erfurt ta Jamus, ya ƙera irinsa a shekarun 1740, Benjamin Franklin ma ya yi nasa a 1748. A samfurin da aka fi amfani da shi daga baya, tsinin ƙarfe yana fesa caji a jikin faifan roba, wurin da ya ɗauki cajin ya guje wa tsinin ya nufi kishiyarsa, faifan ya yi ta juyawa. Buƙatarsa bolt dubbai ne da gudana 'yar kaɗan, wato daidai abin da sama take bayarwa.

Saboda wannan dacewa ne Hermann Plauson ya wallafa littafi a Jamus a 1920, yana ba da shawarar a ɗaga balan-balan masu tsinin ƙarfe su tattaro wuta. Shirin bai kai ga tashar wuta ba. Oleg Jefimenko na Jami'ar West Virginia a Amurka shi ne ya gwada abin a tsanake: ya haɗa ƙananan injuna da waya mai tsini da aka ɗaga sama, suka juya, ya kuma buga sakamakon a mujallar American Journal of Physics a 1971. Batun yiwuwa ke nan ya ƙare.

Sai dai bolt ma'aunin ƙarfin turawa ne kawai. Aikin da lantarki zai yi yana fitowa ne idan aka ninka bolt da ampiya, ma'aunin yawan abin da ke gudana. Tankin ruwa komai tsawon hasumiyarsa, in ɗigo yake saki, ba ya shayar da unguwa. Iska ba ta barin lantarki ya ratsa ta sai da ƙyar, don haka abin da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya bai wuce kashi 2 cikin tiriliyan na ampiya ba. Murabba'in kilomita guda zai tara kashi 2 cikin miliyan. Ko da za a iya miƙa waya har ayonosfiya a kwashi bolt 250,000 ɗin duka, wannan fili zai ba da rabin wat ne kacal. A duniya baki ɗaya gudanar ta kai kimanin ampiya 1,000, wato megawat 250 ko makamancin haka, alhali madatsar ruwa ta Kainji ita kaɗai an gina ta a kan megawat 760. Hasken rana kuwa da tsakar rana yana zuba kusan wat 1,000 a kan murabba'in mita ɗaya.

Masu goyon bayan shirin sukan ce tsini yana janyo caji daga fili mai faɗi, kuma lokacin hadari ƙarfin yana ninkuwa. Haka ne. Amma tsini tattarowa yake yi, ba ya ƙara abin da ke akwai. Lokacin hadari kuma dogon ƙarfe a sama gayyatar aradu ne. Haka Georg Richmann ya rasa ransa a St. Petersburg a 1753 yana tsakiyar irin wannan gwaji.

Ina amfanin binciken, to? Na farko, awo. C.T.R. Wilson ya kawo ra'ayin cewa hadarurruka masu tsawa na duniya su ke ciyar da wannan lantarki na sama, kuma awon jirgin ruwa Carnegie a shekarun 1920 ya nuna ƙarfin yana kai ƙololuwa wajen ƙarfe 7 na yamma agogon GMT a ko'ina cikin teku. Ƙura da hayaƙi suna sauya adadin, har ƙura mai yawa takan juya alkiblarsa, abin da ya sa yankunan da hazon hunturu ke rufewa suka dace da wannan nazari. Na biyu, injin da kansa ya sami gurbi a ƙananan na'urori: a 1988 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka ƙera irinsa a kan silikon, faɗinsa bai fi na gashin kai ba sosai.

Don haka wurin wannan inji shi ne ɗakin gwaji da aji, inda zai koya wa ɗalibi bambancin bolt da wat a aikace. Duk wanda ya zo da alƙawarin wutar kyauta daga sama, tambayar da ta kamace shi ita ce ampiya nawa ya auna, a kan fili mai faɗin nawa.