Wa Ke Gwada Gwajin? Tarihin Awon Sahihancin Gwajin Cuta

Duk damina, in kogin Haɗejiya ya cika fadama sauro ya yi yawa, gardama ɗaya ke tashi a ɗakunan shan magani na Kirikasamma. Uwa ta kawo yaro jiki zafi rau, a ɗiga jininsa a ɗan gwajin nan na minti 15, a ce babu maleriya, ita kuwa ta rantse akwai. Tambayar da ke ƙarƙashin gardamar tsohuwa ce: da me ake gane gwaji ya faɗi gaskiya?

Tushen lissafin yana cikin rubutun Thomas Bayes na Ingila, wanda aka buga a 1763 bayan mutuwarsa, amma ya daɗe bai shiga asibiti ba. Wasu sukan ce daga na'urar hango jiragen sama ta Yaƙin Duniya na Biyu ilimin ya fito. Da ƙamshin gaskiya, don can aka fara auna yawan gargaɗin gaske da na ƙarya. Ni dai na fi ba likitocin tarin fuka wannan matsayi. A 1947 Jacob Yerushalmy na Amurka ya ga ƙwararru na saɓani a kan hoton ƙirji guda, sai ya raba tambayar biyu. Cikin masu cutar, nawa gwajin ya kama? Cikin masu lafiya, nawa ya wanke? Har gobe da waɗannan biyun ake auna kowane gwaji.

A 1966 Thomas Vecchio ya jaddada na uku, wanda ya fi shafarmu: in gwaji ya ce akwai, sau nawa yake dacewa? Ɗauki gwajin da ke kama 90 cikin 100, yana wanke 90 cikin 100. In rabin mutum 1,000 na da cutar, zai nuna 450 na gaske da 50 na kuskure. In 100 kawai ke da ita, 90 na gaske ne, 90 na kuskure. Gwaji ɗaya ne, amma amsarsa ta damina ta fi ta bazara nauyi.

Jigawa ma ta ba duniya darasi. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi babban bincike a Garki, suna duba jinin mutanen ƙauyuka da madubin likita, aka ga ƙwayar maleriya ta zama ruwan dare a jinin yara. A irin wannan ƙasa yaro kan ɗauke ta yana wasansa, don haka ganinta bai tabbatar ita ta kwantar da shi ba. Ɗan gwajin gaggawar ma yakan ci gaba da nuna akwai makonni bayan an warke.

A 2010 Hukumar ta ce a gwada kafin a ba da magani, kuma daidai ne. Illar ita ce an raba kayan gwajin, ba a raba bayanin ba. Shi ya sa in ya ce babu, wasu sai su wuce kemis su saya, ko a jingina abin ga taifod da gwajin Widal, wanda tun 1896 ake amfani da shi, kuma ya yi ƙaurin suna wajen nuna cutar da babu ita. Ana cikin haka ciwon huhu ko sanƙarau na cin yaron.

Kamata ya yi ma'aikacin lafiya ya zauna ya ce, "Mama, gwajin nan da wuya ya tsallake maleriya mai kwantarwa, mu nemi abin da ke damunsa." Uwa kuma ta dawo da shi in zazzaɓin bai sauka ba, a sake dubawa.