Tarihin Bonsai da Sirrin Zaɓen Wadda Za Ta Rayu a Ɗaki

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin 'yar bishiya a cikin kasko a shagunan furanni na Ingila ko Amurka. Wasu ma sun saya da ɗan kuɗin guzurinsu, bayan wata biyu ganye ya zube. Dalilin hakan yana cikin tarihin abin.

Asalin wannan fasaha daga ƙasar Sin ne, inda ake kiranta penjing. A kabarin Yarima Zhang Huai na daular Tang, wanda aka gina a 706, akwai zanen bango da ke nuna hadimai ɗauke da ƙananan tsirrai a tasa. Daga can ta tsallaka Japan, inda daga baya ta samu sunan bonsai, wato shuka a faranti. Japanawa sun fi renon itatuwan ƙasar sanyi irin su fain da junifa, kuma a tsakar gida suke ajiye su. Sai in za a yi baƙo ake shigo da ɗaya ciki na kwana biyu ko uku, a mayar da ita waje. Irin waɗannan itatuwa suna bukatar sanyin hunturu domin su huta, in ba su samu ba sai su kumanta su mutu. Da wannan kulawa ce wata bishiyar fain da aka fara reno a 1625 ta rayu, ta tsira daga bam ɗin Hiroshima a 1945, har aka ba Amurka ita kyauta a 1976.

Turawa sun ga bonsai a baje kolin Paris na 1878 da na Landan na 1910, sannan sojojin Amurka suka koma gida da sha'awarta bayan yaƙin duniya na biyu. Amma mazauna benaye ba su da tsakar gida, ga na'urar ɗumama ɗaki. Sai masu sana'ar suka koma ga itatuwan ƙasashen zafi waɗanda ba su san hunturu ba, musamman fikus, wato dangin ceɗiya da ɓaure da durumi.

Don haka ɗan'uwa, kafin ka biya, tambayi asalin bishiyar. In junifa ce, bar ta ga mai lambu. In fikus ce, ajiye ta kusa da taga mai haske, nesa da na'urar ɗumama, ka ba ta ruwa duk sanda saman ƙasar ya bushe.