Daga Goɗiyar Hales Zuwa Damtsenka: Tarihin Awon Jini na Dare da Rana

A tagar da nake ba da magani a asibiti, da wuya mako ya wuce ban karɓi katin wani dattijo mai ɗauke da lamba irin 160/95 ba. Ya taso tun asuba daga wani ƙauye na Faskari ko Sabuwa, ya sha jijjigar hanya da fargabarta, ya yi zaman layi cikinsa ba komai, sannan aka auna shi sau ɗaya. Shin wannan lamba ita ce ainihin jininsa, ko kuwa ta wahalar wannan safiya ce? Masana sun daɗe suna neman amsar, kuma labarin nemanta zai amfane ka.

A 1733 wani limamin coci a Ingila, Stephen Hales, ya wallafa gwajin da ya yi: ya jona dogon bututun gilashi da jijiyar wata goɗiya, jinin ya haura sama da ƙafa 8. A nan aka fara gani da ido cewa jini yana da ƙarfin da ake iya aunawa, sai dai ba hanya ce da za a bi da ɗan Adam ba. Sai a 1896 likitan Italiya Scipione Riva-Rocci ya kawo robar da ake ɗaurawa a damtse a hura mata iska, tare da ma'auni mai zaiba. A 1905 kuma Nikolai Korotkoff, likitan soja a Rasha, ya gano cewa idan aka kasa kunne a kan jijiya yayin da ake sassauta iskar, farawar bugun da ɗaukewarsa su ne lambar sama da ta ƙasa.

Da awon ya yaɗu, sai gurbinsa ya bayyana. A 1940 likitoci biyu a Amurka, Ayman da Goldshine, suka sa majinyata su riƙa auna kansu a gida, suka tarar lambobin gida sun yi ƙasa da na asibiti. A 1983 Giuseppe Mancia na Milan ya nuna cewa isowar likita bakin gado kaɗai tana ɗaga lambar sama da kusan 27. A 1988 Thomas Pickering na New York ya sami cewa kusan mutum 1 cikin 5 na waɗanda aka ce jininsu ya ɗan hau, lafiyarsu ƙalau da zarar sun bar asibiti. Daga baya aka lura da akasin haka, wanda ya fi haɗari: mutumin da lambarsa take da kyau a gaban likita, alhali a gida da gona tana sama.

Mafita ita ce ma'aunin ya bi mutum cikin rayuwarsa. An fara gwada wanda ake ratayawa a jiki a 1962, majinyaci ne ma yake hura iskar da hannunsa. A 1966 Maurice Sokolow na San Francisco ya nuna cewa lambobin yini sun fi na asibiti bayyana ɓarnar da hawan jini ya yi wa jiki. Na'urar yau ba ta wuce tafin hannu ba: ana ɗaura ta a ƙugu, ta riƙa auna ka da kanta kusan duk rabin awa, har awa 24. Ita ce ta tona asirin dare. Jinin mai lafiya yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 idan yana barci, kuma a 1988 Eoin O'Brien na Dublin ya ja hankali cewa waɗanda nasu ba ya sauka sun fi gamuwa da shanyewar ɓarin jiki. Wannan batu ya shafe mu ƙwarai, domin tun kafin sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020, mutanen wannan yanki sun san barci da kunne ɗaya a buɗe.

A 2011 Ingila ta mai da wannan awo hanyar tabbatar da hawan jini kafin a ɗora mutum a kan magani. A Oktoban 2021 kuma ta sauko da shi kantunan maganin unguwa: ɗan shekara 40 zuwa sama ya shiga a auna shi kyauta, in lambar ta hau mai harhaɗa magani ya ɗaura masa na'urar, a aika wa likitansa sakamakon. Ga wanda zuwa Funtuwa, Katsina ko Shika yake cin masa yini da kuɗin mota, ba sai an faɗa masa amfanin irin wannan kusanci ba.

Kafin na'urar ta wadata a kantunanmu, darasin tarihin yana hannunka. Ku haɗa kuɗi a gida ku sayi ma'aunin damtse mai batir, ko ka riƙa zuwa kantin magani mai rajista mafi kusa. Ka zauna ka huta minti 5, ka auna sau biyu da safe, sau biyu da yamma, kwana 7, kana rubutawa. Ka ajiye lambobin ranar farko, ka fitar da matsakaicin sauran. In ya kai 135/85, kai wa likita takardar. In ka ga 180/120, ko ciwon ƙirji, ko nauyin harshe da mutuwar hannu, kada ka jira gobe. Ka gaya mana in kana yawan shan diclofenac ko ibuprofen, domin suna ɗaga jini. Kada kuma kyakkyawar lamba ta rana ɗaya ta sa ka ajiye maganinka.

In Baba ko Inna ba sa rubutu, kai ne alƙalaminsu. Ran da za ku zo asibiti, ku taho da takardar. Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya.