Yadda Afolo Ya Samo Sunansa

Duk ranar da yaro ya tashi da ido ja wur, kwantsa ta liƙe shi, kafin ki buɗe baki maƙwabciya ta riga ta yanke hukunci: "Afolo ne." To, ko kin taɓa tambayar inda sunan ya fito?

A watan Yunin 1969 wani baƙon ciwon ido ya ɓarke a Akara, babban birnin Ghana. Ido ya kumbura, ya yi ja kamar jini ya kwanta, ga hawaye, ga ji kamar an watsa yashi. Ana cikin haka, ranar 20 ga Yuli, 'yan sama jannatin Amurka na kumbon Apollo 11 suka taka duniyar wata. Sai jama'a suka haɗa biyun, suka laƙaba wa ciwon sunan kumbon, alhali kuwa ciwon ya riga kumbon tashi. Cikin 'yan watanni ya bi gaɓar teku ya iso Legas. Sai da ya kai Japan a 1971 masana can suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa shi.

Ashe ba daga sama ya faɗo ba, kuma ba a ɗaukarsa don an kalli idon mai shi, kamar yadda aka tsorata mu muna yara. Hannu ne ke yawo da shi, da tawul, da matashin kai, da kuma tandun kwallin nan ɗaya da muke zizara wa yaran gida kaf.

Galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu yakan warke da kansa. Ki ware wa yaron ƙyallensa, ki goge masa ido da tafasasshen ruwan da ya huce, ki wanke hannu da sabulu. Abin da ke makanta yara sau da yawa shi ne abin da ake ɗiga musu: ruwan sukari, ruwan batir, fitsari. Fitsarin mai ciwon sanyi kan lalata ido cikin 'yan kwanaki, wallahi ba wasa ba.

Jaririn da bai cika wata ɗaya ba kuwa, in idonsa na fitar da mugunya, kada ki ce afolo ne ki zauna. A kai shi asibiti a ranar. Haka ma yaron da jan idonsa ya zo da zazzaɓi da ƙuraje, don ƙyanda ma da jan ido take sallama.