Gahawar Mambila da Teburin Mai Shayi



Jiya a teburin mai shayi kusa da tashar Mando, ana yaga min ledar Nescafé sai na ce, wai mu ba mu da gahawa ne?

Muna da ita. Asalinta Habasha, ta tsallaka Yaman, inda sufaye ke shanta tun ƙarni na 15 don raya dare. A gida kuma ana nomanta a tsaunin Mambila, jihar Taraba. Daga 1977 Hukumar Koko ke saye. A 1986 gwamnatin Babangida ta rusa hukumomin amfanin gona, manomi ya rasa tsayayyen mai saye, gonaki da dama suka koma daji.

Yau ƙananan 'yan kasuwa ne suka gaji aikin. Jajayen 'ya'ya kawai ake tsinka, a shanya kamar mako uku ana juyawa, a ɓare. Danshi kada ya wuce kashi 12 cikin ɗari, in ba haka ba fumfuna ta cinye jarin. Sai buhun algarara bisa katako, nesa da kananzir, don ƙwayar na zuƙar wari.

Matasan Mando, mu da ke neman aiki, wannan fa bai fi ƙarfinmu ba.

Sai mako mai zuwa.