Baƙuwar Manhaja a Gidan Macintosh: Waiwaye kan Rikicin Word 6.0 na 1994

Gabatarwa

Wannan maƙala waiwaye ce a kan wata taƙaddama da ta taso a shekarar 1994 tsakanin kamfanin Microsoft da masu amfani da kwamfutar Macintosh. Tushen taƙaddamar tambaya ɗaya ce: idan manhaja ta bar babbar manhajar da aka gina ta a kai, wato wadda ke tafiyar da na'urar baki ɗaya, ta koma wata, shin za ta tafi da ɗabi'unta ne, ko kuwa za ta ɗauki na masu masauki? Masu nazarin harshe sun san irin wannan tambaya a fagen aron kalmomi, inda baƙuwar kalma kan riƙe lafazinta na asali ko ta saje da tsarin sautin harshen da ya are ta.

Gida biyu, al'ada biyu

Kamfanin Apple ya fito da Macintosh a 1984, kuma tun daga farko ya shimfiɗa wa masu gina manhaja ƙa'idoji, waɗanda aka buga a matsayin littafi a 1987. Jerin umarni yana zaune ne a can saman allo, wuri ɗaya tak, ko wace manhaja ce ke aiki. Linzamin yana da madanni guda. Kwafa da yankewa da liƙawa ana yin su ne da madannin Command tare da C ko X ko V, a kowace manhaja ba tare da togiya ba. Wanda ya koyi manhaja ɗaya ya riga ya ci rabin ta biyu.

A ɗaya ɓangaren kuwa, wato na DOS, kowace manhaja sarauniya ce a garinta. WordPerfect, wadda ta mamaye ofisoshi a ƙarshen shekarun 1980, ta ajiye neman taimako a madannin F3, fita a F7, buga takarda a Shift da F7. Yawan waɗannan umarni ya sa ake ɗora wani ɗan kwali a kan madannai don tunatarwa. Kamfanin IBM ya yi yunƙurin daidaita al'amura a 1987 da nasa ƙa'idojin, inda F1 ya zama na taimako, kuma Windows ta bi sahu. Da WordPerfect ta iso Windows a ƙarshen 1991, ta iso a makare, kuma tana tsaka mai wuya: tsofaffin masu amfani da ita na neman madannan da yatsunsu suka haddace, sababbi na neman abin da suka gani a sauran manhajojin Windows. Kasuwarta ta yi ta raguwa har aka sayar da ita ga Novell a 1994, sannan ga Corel a 1996.

Abin da ya faru da Word

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne Word ta yi suna a Macintosh kafin ta yi a Windows. Ta fito a Macintosh a 1985, ba ta shiga Windows ba sai 1989. Fitowa ta 5.1, ta shekarar 1992, ita ce marubuta da malaman jami'a suka fi ƙauna, saboda ba ta da nauyi, ba ta cin wuri, kuma abin da mai rubutu ke bukata yana kusa da hannu.

Sai dai a wajen Microsoft manhaja biyu ne masu suna ɗaya, kowace da nata ma'aikata da nata rubutun umarni. Duk sabon abin da aka ƙirƙiro sai an gina shi sau biyu, duk kuskure sai an gyara shi sau biyu. Saboda haka aka yanke shawarar a haɗe su a tushe guda, aka kuma ɗauki na Windows a matsayin tushen. Har lambar fitowa aka daidaita: Word ta Windows ta yi tsalle daga 2.0 zuwa 6.0 a 1993, ta Macintosh kuma ta biyo baya da wannan lamba a 1994. Hujjar ba ta banza ba ce. Ma'aikatar da ke da na'urori iri biyu za ta horar da ma'aikatanta sau ɗaya, ta sayi littafin koyo iri ɗaya, fayil kuma ya buɗe a ko'ina ba tare da ya hargitse ba.

Abin da ya iso hannun masu Macintosh bai yi musu daɗi ba ko kaɗan. Manhajar ta yi ƙiba, tana jan ƙafa wajen tashi, musamman a tsofaffin na'urori masu ƙwaƙwalwar Motorola, kuma jinkirin yakan ƙaru idan mutum ya tara samfuran haruffa da yawa, kamar yadda masu nazarin harshe kan yi. Sandunan gumaka sun cinye saman allo, wanda da ma ƙarami ne. Akwatunan tambaya sun zo da kamannin Windows, umarnin da aka saba samu a wuri kaza ya ƙaura wani wuri. Mujallun Macintosh suka yi ca a kanta. Ƙorafi ya yi yawa har kamfanin ya fitar da gyara mai lamba 6.0.1, ya kuma koma sayar da tsohuwar 5.1 ga masu so, abin da ba kasafai kamfanin manhaja ke yi ba.

A nan ne ya kamata a ɗan tsaya. An saba ba da labarin kamar Word 6.0 ta karya dokokin Apple ne, aka hukunta ta. Amma ita ma 5.1 ba ta bi littafin Apple sau da ƙafa ba. Tana da nata baƙin halaye, waɗanda tsawon zama ya sa aka daina ganinsu. Rick Schaut, ɗaya daga cikin injiniyoyin da suka yi aikin, ya yi nuni a wani rubutu nasa na 2004 cewa abin da jama'a ke nufi da kama da Macintosh, a wajen da yawansu, kama da Word ɗin da suka sani ne. Ke nan saɓanin ya fi kusa da karo tsakanin sabo biyu: sabon wanda ke yawo tsakanin na'urori, da sabon wanda ke zaune a na'ura guda. Hausawa kan ce sabo turken wawa, amma a wannan fage turken kowa ne. Marubucin da yatsunsa suka haddace umarni ba ya tunaninsa, hankalinsa na kan jimlar da yake ginawa. Ranar da aka sauya masa wuri, dole ya bar jimlar ya shiga neman madanni. Kuɗin da kamfani ya tsimi ta hanyar haɗe tushe, wannan marubuci ne ya biya shi da lokacinsa, kuma ba a shawarce shi ba.

Microsoft ta ja da baya. A farkon 1997 ta kafa sashe na musamman don manhajojin Macintosh. A watan Agusta na shekarar, a taron Macworld na birnin Boston, Steve Jobs ya sanar da cewa Microsoft za ta zuba dala miliyan 150 a Apple, za ta kuma ci gaba da fitar da Office ta Macintosh har shekara biyar. Office 98 ta fito da kamannin gida, aka karɓe ta hannu bibbiyu.

Haruffa masu ƙugiya

Ga masu rubutu da harsunan Nijeriya, alkawarin manhaja ɗaya a ko'ina bai cika ba ko a lokacin da fuskokin biyu suka zama ɗaya. Macintosh da Windows kowace na da nata jadawalin lambobin haruffa, kuma babu ɓ da ɗ da ƙ a ko ɗaya, haka ma wasulan Yarbanci da Ibo masu ɗigo a ƙasa. Abin da aka riƙa yi shi ne a ƙera samfurin haruffa na musamman, a kori wani harafin da ba a bukata, a dasa mai ƙugiya a gurbinsa. Da zarar fayil ya ƙetara zuwa na'urar da ba ta da wannan samfuri, sai korarren harafin ya dawo mazauninsa, mai gyaran rubutu ya bi shafi bayan shafi da alƙalami. Tsarin Unicode ya tanadi waɗannan haruffa masu ƙugiya tun fitowarsa ta farko a 1991, Word 97 ta Windows kuma ta karɓe shi. Masu Macintosh sai da suka jira Word 2004 kafin su samu haka.

Daga baya ma'aunin ya sake karkata. Apple da kansa ya kai iTunes cikin Windows a 2003 sanye da kayan Macintosh, masu Windows kuma suka yi irin kukan da aka yi wa Word 6.0. Daga 2013 aka samu kayan gini irin su Electron, waɗanda ke naɗe shafin intanet su mai da shi manhaja mai fuska ɗaya a Windows da Macintosh da Linux, kuma a kansa aka gina Slack da Visual Studio Code. Ana yi musu ƙorafin nauyi da cin ƙwaƙwalwa kamar na 1994, sai dai na'urorin yau na iya ɗaukar nauyin, kuma yawancin masu amfani da su sun fara saninsu ne a haka.